Auta Ya Tafi Caji

Dutsen guga ne ya fara tona zancen. Mai Labule, kamar yadda 'yan layinsu suke kiranta saboda sana'arta, tana cikin goge wani jibgegen labule na otal, keken ɗinki a kunne, butar lantarki tana tafasa a kicin, sai ɗif, wutar gidan ta ɗauke. Ta san halin gidanta, in aka ɗora masa abu uku a lokaci guda sai ya yi zuciya. Ta haska fitilar wayarta ta shiga ɗan lungun bayan kicin inda akwatin makunnai yake, ta bi duk wanda ta gani a kwance ta ɗaga. Na can ƙarshe an liƙe shi da baƙin salatif. Labule yana jiranta, don haka ba ta tsaya wani tunani ba, ta sa farce ta ɓare salatif ɗin ta ɗaga shi shi ma.

Sai da ta leƙa gareji ɗauko sandunan rataya ta ga abin da ta yi. Cajar motarsu mai aiki da lantarki da ke manne a bango, wadda mijinta ya ce ta lalace tun watannin baya, ta kunna 'yar koriyar fitilarta, lafiyarta lau.

Ta daɗe a tsaye da sanduna a hammata. Cajar nan ita ce dalilin da ya sa kullum da yamma, da zarar ya dawo daga ofis ya ɗan taɓa abinci, sai ya sake ɗaukar makulli ya ce, "Bari in je caji." Ta taɓa tambayarsa yaushe za a gyara ta gida, ya ce an yi odar wani ƙarfe daga kamfani, bai iso ba. Ta sake tambaya, ya ce mai gyaran ya yi tafiya. Daga nan ta daina, don ba ta da ƙarfin bin diddigin caja. Tana da abin da ya fi caja nauyi a ɗakin da ke kallon nata.

Baba ne a ɗakin, mahaifin mijin. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye aka dawo da shi gidan. Da safe akwai mai jinya, wani magidanci mai shiru-shiru, da yake zuwa ya gyara shi ya ba shi magani ya tafi. Yamma kuwa ta mutanen gida ce, mutanen gida kuma su biyu ne rak, tunda 'yarsu tana karatu a wani gari. Ɗaya yana caji. Saboda haka ita ce take cicciɓar Baba daga kujerarsa mai taya zuwa bencin banɗaki, ita take kwance masa kunzugun da ya wuni da shi, ta yi masa wanka da zane yafe a cinyarsa, tana kallon bango yana kallon ƙasa. Surukinta ne fa, mutumin da ta yi shekara da shekaru ba ta iya cin abinci a gabansa. Ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya ce wannan aikinki ne. Wata rana dai aka waiwaya ba kowa, sai ta yi, daga ranar kuma ba a sake samun kowa ba. Bayanta ya fara ciwo tun daga ƙugu har cinya, har ta koma ɗinki tana yi tana miƙewa.

Mijin kuwa kowa Auta yake ce masa, har abokan aikinsa a ofishin awon filaye, duk da furfurar da ta cinye masa gefen kai. Ita kaɗai take ce masa Yallaɓai, rabi girmamawa rabi tsokana. Ba maƙaryaci ba ne, kuma abin da ya fi tayar mata da hankali ke nan. Mutum ne da in ya fasa kofi sai ya biyo ta da ɓaraguzan a hannu ya faɗa. Amma wanda ya iya yanko salatif, ya daidaita shi a kan makunni, ya wanke hannu ya zauna ya ci abincinta, wannan wani ne daban da ba ta sani ba, kuma shi take kwana da shi a ɗaki ɗaya.

Ta bar makunnin a ɗage. Da yamma ta tsaya a bayan labulen falo ta ga motar ta sulale cikin gareji. Ba yadda za a yi bai ga koriyar fitilar nan ba, a daidai hancin motar take. Ya daɗe bai shigo ba. Da ya shigo ya leƙa Baba daga bakin ƙofa ya gaishe shi, ya ci abinci, ya yaba miyar fiye da yadda ta cancanta. Sannan ya ɗauki makulli.

"Bari in je caji."

"A dawo lafiya, Yallaɓai," ta ce.

Da safe ta shiga lungun ta tarar da makunnin a kwance, da sabon salatif, an yanke shi da almakashi gefe da gefe daidai. Ta ɓare. Washegari ta sake samun wani. Haka suka yi ta yi kwana da kwanaki, ita ta ɗaga da rana, shi ya kwantar kafin ya tafi ofis, ba wanda ya ce uffan. A tebur suna miƙa wa juna gishiri, suna maganar kuɗin makarantar 'yarsu da famfon da ke ɗiga. Ya san ta sani, ta san ya san ta sani, amma da ya buɗe baki ya faɗi gaskiya gara ya ci gaba da sayen salatif. Wannan ne ya tabbatar mata abin da yake ɓoyewa ba ƙarami ba ne.

Har motar ta fara ba ta haushi. Da can tana sonta. Lokacin da suka saye ta Baba yana da lafiyarsa, tsohon direban manyan motoci ne, ya zagaye ta yana neman inda hayaƙi yake fita, ya ce shi bai yarda da motar da ba ta sallama ba. Amma da suka yi doguwar tafiya da shi zuwa wurin jikarsa, shi ya fi kowa jin daɗin tsayuwar caji a hanya. Auta yana lissafin inda za a sake tsayawa, yana zare ido a kan batir, shi kuwa Baba ya zagaya ya kama hira da duk wanda ya jona tasa motar, ya dawo da labarin kowa har da sunan cutar surukarsa. Yanzu ta gane maganar tsohon. Mota ce da take fita ba ka ji ba, ta dawo ba ka ji ba. Da ta mai ce, ko tana banɗaki za ta san lokacin da ya tayar da lokacin da ya kashe. Wannan kuwa kamar don marasa gaskiya aka ƙera ta.

Ta kira yayarta. Yaya mace ce da ba ta jiran a gama labari.

"Mace ce," in ji Yaya.

"Haba Yaya, Auta fa. Mutumin da ko mai kanti mace ce sai ya turo ni."

"Irinsu ne ai. Ke dai faɗa mini, ƙarfe nawa yake fita?"

"Da yamma. Lokacin da nake shirin wankan Baba."

"To kin ji. Ya zaɓi lokacin da ya san hannunki a ɗaure yake, ba ki da halin leƙa ko bakin titi. Ke kina can kina wanke masa uba, shi yana can ana zuba masa shayi. Ki shinshina kujerun motar."

Ta yi dariya a waya, ta ce Yaya ba ta da dama. Amma da ta ajiye wayar dariyar ba ta biyo ta ba. Maganar lokacin nan ta zauna mata daram, domin gaskiya ce: bai taɓa fita ba sai lokacin wankan ya yi, bai taɓa dawowa ana cikin yi ba. Kullum sai ta shafa wa Baba mai, ta sa masa rigar barci, ta kwantar da shi, sannan za ta ji ya turo ƙofar kicin.

Ranar da ba ya zuwa ofis ita take ɗaukar motar ta kai wa mutane labulensu. Ta tsaya a gefen wani titi, ta waiga ba mai ganinta, ta sunkuya ta shinshina kujerar gefe. Sai ƙamshin sabon yadi. Ta duba ƙarƙashin kujeru, ta buɗe aljihun gaba, ta laluba na ƙofa. Ba ɗan kunne, ba gashi, ba ko takardar alewa. Abu ɗaya ta gani, kujerar direba an saba kwantar da ita baya, sai da ta ɗago ta kafin ta iya riƙe sitiyari. Ta taɓa allon gaban motar ta duba wuraren da aka je. Gida, ofis, sai wurin cajin da ke bayan babban kanti. Gida, ofis, wurin caji. Maimakon hankalinta ya kwanta, sai ya ƙara tashi. Ai wannan shi ne wayon: a jona mota ta zauna shaida, mai ita ya taka da ƙafa ya tafi inda za shi.

Sai kuma ta kalli batir. A cike yake taf. Ta tuna yadda ya dinga cika baki ga abokansa farkon sayen motar, cewa zuwa ofis da dawowa ba ya cin komai, caji ɗaya ya kusa kai shi mako. Da kunnenta ta ji, ba sau ɗaya ba. To ta yaya aka yi ta haɗiye zancen caji kullum tsawon watanni? Gajiya ce, ta sani. Mai gajiya ko me aka miƙo masa karɓa yake yi. Amma sanin hakan bai rage mata takaici ba, ta ji an raina ta, kuma da taimakonta aka yi.

Ta yanke shawara a nan cikin motar. In mace ce, ta gama. Ba za ta yi ihu ba, ba za ta fasa faranti ba. Za ta naɗe kekenta da yadukanta ta koma wurin Yaya, ya san yadda zai yi da gidansa. Da ta kai nan a tunani sai fuskar Baba ta faɗo mata, ta tsaya, don ta san wanda zai fi kowa shan wahalar tafiyarta, kuma ba shi ya yi laifin ba.

Ta roƙi mai jinya ya dawo da yamma rana ɗaya, ta ce tana da awon tagogi a wani gida. Bai tambaye ta komai ba. Ranar, Auta yana fita ta ba shi ɗan lokaci, mai jinya ya shigo, ta yafa mayafi ta tari tasi.

Wurin cajin fili ne a bayan kantin, inda ake tara kekunan sayayya. Turaku ne a jere kamar famfunan gidan mai, kowanne da igiyarsa mai kauri, kowanne da mota a gabansa, wasu motocin kuma suna layi suna jira. Rana ta yi sanyi amma da sauran haske. Ta hango tasu a turken ƙarshe, kusa da katanga, an jona ta. Ta raɓe a bayan rumfar kekunan tana jin kanta kamar ɓarauniya. Ta zaci za ta tarar da motar ba kowa. Sai ta ga inuwar kansa a ciki, kujera a kwance.

To, ke nan nan ake zuwa a same shi. Ta gyara tsayuwa ta jira, bayanta yana zugi. Duk macen da ta fito daga kanti sai ta bi ta da ido har ta wuce. Wata mai jan jaka ta nufo wajen, amma sai ta shiga motar kusa. Wata ta tsaya tana duba waya a daidai bayan motarsu, ta daɗe, sannan ta yi gaba. Shi kuwa ko motsi. Ba ya waya, don da ta ga hasken a fuskarsa. Ba ya cin komai.

Can sai wata doguwar mace da rigar ma'aikatan asibiti ta fito daga wata farar mota da ke layi, ta taka kai tsaye zuwa tagarsa ta ƙwanƙwasa. Mai Labule ta ƙura mata ido. Ashe haka take, ta ce a ranta, ta ma fi ni tsawo. Gilashi ya sauka kaɗan. Matar ta nuna turken da yatsa tana magana, hannunta yana sama yana ƙasa. Gilashi ya koma ya rufe. Matar ta juyo tana tsaki, ta biyo ta gaban rumfar, suka haɗa ido.

"Ke ma jira kike?" matar ta tambaya. "To ki nemi wuri ki zauna. Wancan bawan Allah ba yanzu ba."

"Kin san shi ne?"

"Wa bai san shi ba a nan? Kullum ne. Motarsa a cike take zuwa, kafin ki ƙifta ido turken ya nuna ya gama, amma sai ya tare wurin ya kwanta yana kallon rufin mota. In kin yi magana ya ce yanzu-yanzu. Ni daga aiki nake, yara na jirana. Wallahi da na san matarsa da na je na ce ta riƙe kayanta a gida."

"Ba wanda yake zuwa wurinsa?"

"Wa zai zo? Sai mu masu zaginsa."

Matar ta koma motarta. Mai Labule ta tsaya da fushin da ta yi kwanaki tana ɗinkawa daidai jikin wata mace, ga shi ba wadda za ta sa wa. Ba ta ji sanyi a ranta ba. Tsoro ta ji, domin mace dai abu ce da ta san sunanta, wannan kuwa ba ta san mene ne ba. Ta taka ta zagaya ta buɗe ƙofar gefe ta zauna.

Ya zabura ya ɗago kujerar, ya yi tsuru-tsuru. Idanunsa sun yi ja, amma ba na barci ba.

"Wa ke wurin Baba?" Abin da ya fara fitowa daga bakinsa ke nan.

"Yanzu ka tuna da shi?"

A waje igiyar tana maƙale a jikin motar, turken yana nuna an gama tun ɗazu.

"Yallaɓai, na shinshina kujerar nan da nake kai," ta ce. "Ni, da girmana, a bakin titi. Na haɗa kayana a zuciya na kwance ya fi a ƙirga. Ka faɗa mini abin da kake yi a nan, don in san irin haukan da na yi."

"Ba na yin komai."

"Na gani ai. Shi nake tambaya."

Ya ɗora hannuwansa a kan sitiyari ya daɗe yana kallonsu.

"Kin tuna ranar da aka sallamo shi daga asibiti? Ni na yi masa wankan ranar."

Ta tuna. Tana kicin lokacin, ta ji ruwa, ta ji shiru, sannan ya fito ya wuce ɗaki bai ci abinci ba.

"Na kwance masa abin nan," ya ce. "Ya ɓata jikinsa. Ina gogewa, sai ya ɗaga hannunsa mai lafiyar yana neman ya rufe kansa, ya kasa kaiwa. Mutumin da yake ɗaga tayar babbar mota shi kaɗai. Yana ɗaukata a wuya ya haye da ni titi. Ya kalle ni, ya ce, 'Yi haƙuri.' Ni yake ba haƙuri. Washegari da lokacin ya yi na ji ba zan iya shiga ɗakin ba. Na ce bari in fita yau kaɗai. Na kashe cajar don in sami abin faɗa. Kullum a nan nake cewa gobe zan yi."

Ta ji tausayinsa, ba za ta yi ƙarya ba. Amma tausayin bai kai ya rufe abin da ke ƙarƙashinsa ba.

"Ni kuma da kake bari, dutse ce?" ta ce a hankali. "Ka zaci ni ba ya ba ni haƙurin? Kullum sai ya ba ni. Ubanka ne, ni surukina ne. Abin da idonka ya kasa gani sau ɗaya, ni da bai kamata in gani ba ko sau ɗaya, shi nake gani kullum. Ka taɓa tambayata yadda nake ɗaga shi? Ka ga yadda nake tashi daga kujera yanzu?"

"Na gani."

"Ka gani ka yanko salatif."

Ya sunkuyar da kai.

"Da farko in na tura shi banɗaki sai ya waiga ƙofa ya ce, 'Auta fa?' In ce ya tafi caji. Kullum haka. Yanzu ya daina tambaya. Ban ma lura da ranar da ya daina ba, sai yanzu da nake zaune a nan."

Wannan ta shige shi. Ta ga kafaɗunsa sun sauka, ya sa tafin hannu ya rufe fuska. Ba ta taɓa shi ba. Ta ciro wayarta ta kira mai jinya, a gabansa, yadda zai ji.

"Ka fara wankan? To kada ka fara. Ɗansa yana zuwa. In ya iso ka nuna masa yadda ake ɗaga shi ta ɓangaren da ya shanye, sannan ka tafi abinka. Na gode."

Ta kashe ta miƙa hannu. Ya kalli hannun, ya kalle ta.

"Makulli," ta ce. "Ga tasi can a bakin kanti."

"Mu tafi tare mana."

"In muka tafi tare ni zan yi. Ka sani, na sani."

Ya ajiye mata makullin a tafin hannu ya fita. Ta bi shi da ido ta madubi har ya shiga tasin, ba ta ɗauke ido ba sai da ta ga wajen da ta juya, don ba ta gama yarda da shi ba tukuna. Sannan ta fito ta zare igiyar ta maida ita jikin turke, ta ɗaga wa doguwar matar hannu. Matar ta buɗe baki tana kallonta, ta kalli motar, sai ta sa hannu ta rufe bakin.

Ba ta yi sauri ba. Ta bi doguwar hanya, ta tsaya a kowace danja ba tare da ƙorafi ba. Duk da haka a kan hanya zuciyarta tana raya mata cewa za ta tarar da mai jinya ya tausaya ya yi aikin, ko Auta yana zaune a falo ya haɗa kai da gwiwa yana jiranta. Da ta iso ta ga babur ɗin mai jinya ba ya ƙofar gida. Falo ba kowa. Kujera mai taya tana bakin banɗaki, ƙofar a rufe, ana jin ruwa yana zuba a bokiti.

Ta tsaya a bakin ƙofar. Daga jin ƙarar kaɗai ta san ba daidai yake yi ba. Ya cika ruwan da yawa, bai sa tabarmar roba a ƙasa ba, ga ta nan jingine a bango. Tawul ɗin ma da ya ɗauka na hannu ne, babban yana rataye a ƙofar ɗaki. Ta ɗauko babban, ta kai hannu kan mariƙin ƙofar.

A ciki wani abu ya faɗi, kwanon sabulu ne. Sai muryar Baba, mai nauyi, harshen yana ja.

"'Yata. Ina 'yata?"

Ita yake kira. Hawaye suka cika mata ido, domin ta gane, shi ma tsohon ya fi son bangon da take kallo a kan idon ɗansa. Abu kaɗan ne, ta murɗa mariƙin ta ce ga ni Baba, kowa ya huta, gobe kuma a koma yadda ake.

"'Yata," ya sake kira.

Ta saki mariƙin a hankali yadda ba zai yi ƙara ba. Ta rataye tawul ɗin a jikinsa, ta jingina da bango, ta danne bakinta da hannu. A ciki ruwan ya tsaya.

"Ba ta nan, Baba," ta ji Auta ya ce. "Ni ne. Kawo hannun."